Ranar da Na Kai Goro Filin Golf

Akwai wata Alhamis da ko na so in manta da ita ba za ta ƙyale ni ba. Shekaru sun ja, har na goya jikoki, amma har gobe in na ga farin goro a naɗe cikin ganye sai in ji fuskata ta ɗauki zafi kamar yanzu abin ya faru. Ranar ce na fita da niyyar kare mutuncin maigidana, sai ga shi da bakina na kware masa baya a gaban mutane.

Alhaji kayan mota yake sayarwa a Magazin ta Suame, babbar kasuwar makanikai, amma tun kafin ya san sunan ƙarfe ko ɗaya ya san golf. Yana ƙarami yake ɗaukar wa manya jakar sanduna, a haka ya koyi bugu, da ya yi ƙarfi kuma ya shiga kulob ɗin da guminsa. A Zango, unguwarmu ta Hausawa, ba abin da ba a ce masa ba. Wai mutum da hankalinsa ya bugi ƙwallo, ya bi ta da ƙafa, ya same ta, ya sake korarta. Shi dai sai ya yi dariya ya saɓi jakarsa.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai san wasan ba, don ni ma sai da na zauna da mai shi na gane. Filin ramuka goma sha takwas ne, kuma akwai adadin bugun da aka yanke cewa gwani zai gama da shi. Tun da ba kowa ne gwani ba, sai ake ba kowane ɗan wasa wata lamba. Su handikaf suke ce mata, mu a gida lamba kawai muke cewa. Yawan bugun da za a yafe wa mutum ne in an zo lissafi: mai rauni a yafe masa da yawa, gwani a yafe masa kaɗan, don a yi takara daidai. Ke nan ƙaramar lamba ita ce girma. Ta Alhaji bakwai ce a zamaninsa, kuma yana faɗinta kamar yadda wasu ke faɗin sau nawa suka je Makka. Abu ɗaya ne bai taɓa samu ba duk ƙwarewarsa, kofin da ake bugawa a ƙarshen shekara. Ya sha zuwa dab da shi, ya kuɓuce masa.

Sai tsautsayi ya faɗa. Wani inji ya kuɓuce daga sarƙa a bakin shagonsa ya same shi a kafaɗa. Allah ya tsare rai, amma hannun ya daɗe bai ɗagu ba. Jakar sanduna ta hau saman kabad, ta zauna can fiye da shekara goma. Ni ke goge mata ƙura duk Juma'a, kuma na lura in ina gogewa ba ya shigowa ɗakin. Da girma ya fara kama shi, hawan jini ya shigo, likita ya ce lallai ya riƙa tafiya a ƙasa, ni ce na ce masa, "Alhaji, ga abokin tafiya can a saman kabad." Washegari na tarar ya sauko da ita da kansa.

A tsakar gida ya fara. Zai ajiye bahon wankina a can ƙarshe, ya tsaya a bakin ƙofarmu yana cilla ƙwallo ciki. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, saboda haka da an gan shi da sanda sai ka ji mata suna cewa, "A rufe tukwane, Alhaji ya fito!" Da farko ƙwallon ko'ina take faɗawa. Bayan 'yan watanni kuwa, ina kicin sai in riƙa jin kwal, kwal, kwal a jere, ba kuskure. Ina jin wannan ƙara ina yi wa Allah godiya.

Da ya je kulob sai aka ce masa tsohuwar lambarsa ta mutu, tun da ya daɗe bai buga ba. Ƙa'idar mai dawowa ita ce ya buga fili sau uku tare da wani ɗan kulob da zai ƙirga masa ya sa hannu, sannan kwamiti ya duba ya yanka masa sabuwa. In kuma ya buga a wani fili dabam, shi ma ya kawo a haɗa. Shi ya yi mini wannan bayani, har ya ƙara da cewa, "Wasan nan duk amana ne. In ƙwallonka ta shiga daji ba mai bin ka. Abin da ka ce ka buga, shi aka sani." Wannan magana ta sa na ƙara ganin girman wasan.

Kafin ya fara ukun nan, wani abokin cinikinsa ya gayyace shi garin Obuasi suka buga a filin can. Ya dawo da yamma da ƙunshin tsire, fuska kamar ta ango. Tun daga ƙofa yake cewa, "Hajiya, hannu ya dawo! Tara kawai na ɗora a kan ƙa'ida. Tara!" Na yi guɗa ƙasa-ƙasa. Sai ya waiga, ya rage murya ya ce, "Amma kada ki gaya wa kowa. Ko Yaya." Yayarsa yake nufi.

Ban ji komai a raina ba. A Zango wa ke shelar alheri? Ciki ma sai ya fito ake sani, tafiya sai an ga jaka, riba kuwa ko a kunne ba a faɗa. Na ɗauka bakin mutane yake tsoro. Na ce, "Ai ba sai ka faɗa ba." Na karanta abin da ya sawwaƙa na tofa masa a kafaɗa.

Sai aka fara ukun. Duk ranar da ya dawo sai ya ce, "Yau ba daɗi. Kafaɗar nan ce." In ɗumama man kaɗe in shafa masa, ina cewa sannu, zuciyata na karyewa. Yanzu da nake tunawa, na ga abubuwa a lokacin. Na ga ko na danna wajen da ya ce yana ciwo ba ya ko motsi. Na ga mai baƙin ciki yana share kwanon tuwo har ya nemi ƙari. Na ji bahon nan da safe yana kwal, kwal, kamar kullum. Ido ya gani, amma zuciya ta riga ta yanke cewa mijinta abin tausayi ne, sai ta ƙi karanta abin da aka nuna mata.

Lamba ta fito: ashirin da biyu.

Da yammar ranar wani amininsa, makaniki ne a unguwar Tafo kuma tare suke wasan, ya yi sallama da ƙarfi yadda duk gidan zai ji. "Ina Alhaji ashirin da biyu? A fito a gaisa da manya! Gobe in zo in koya maka yadda ake riƙe sanda." Matan gida suka kwashe da dariya ba tare da sun san me ake wa dariyar ba. Alhaji ma ya yi dariya ya ce, "Haka Allah ya so." Aminin ya ce, "To, kofi dai na nan tafe, Allah ya ba mai rabo," suka tafa. Ni kuwa ina kicin ina share hawaye da bakin zane. Mutumin da ya yi bakwai, a mayar da shi sahun sababbin shiga, har ƙannen bayansa su zo gida su yi masa tsiya? Kuma ni na san hannunsa ya dawo. Na ce lallai rawar jiki ce ta kama shi a gaban mutane, ko kuma bakin da yake tsoro ne ya same shi.

A al'adarmu babba ba ya roƙa wa kansa. In an taɓa mutuncinsa shiru yake yi, nasa ne za su ɗaura goro su je su yi magana a madadinsa, kuma ba a gaya masa, don kada ya hana saboda kara. Na ga an yi haka a kan rikicin rumfa, na ga an yi a kan yaron da aka kora daga makaranta. Saboda haka na tafi wajen yayarsa. Yaya goro take sayarwa a kasuwa, mace ce mai faɗa a ji, kuma har yau da furfurata amarya take ce mini.

Tun ban gama ba ta buga cinya. "Ƙanin nawa? Wanda ya koya wa rabinsu bugu? Amarya, tashi. Ina zaune a garin nan ba za a taka ɗan uwata ba." Da hannunta ta tsinto farare manya, marasa tabo, ta yayyafa musu ruwa ta naɗe a ganye. Muka zaɓi Alhamis saboda ranar Alhaji na shago. Saura kwana biyu a buga kofin, muka ce gara a gyara kafin ya shiga cikin jama'a da wannan lamba ta wulaƙanci.

Na sa mayafina na zuwa biki. Muka hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, muka ƙarasa da tasi. Ban taɓa shiga wurin ba sai ranar. Ciyawa shimfiɗe kamar darduma, ga shiru, har na ji ƙarar takalmina ta yi yawa. Aka nuna mana dattijon da ke kula da lambobi, yana zaune a baranda da wasu mutum biyu. Ba'asante ne, tsohon malamin makaranta, kansa fari fat. Yaya ta rusuna ta ce, "Opanyin, mepawocho," wato dattijo, muna roƙon arziki, ta kwance ganyen ta ajiye a gabansa.

Ashe ya taɓa koyarwa kusa da Zango. Ya dubi goron ya dube mu, ya ce da irin Hausarsa, "Hajiya, lafiya? Wani ya mutu, ko wani zai yi aure?"

Yaya ta faɗi ko mu su wane ne, ta zuba bayani da Tuwi, yaren su dattijon, tana haɗawa da Hausa. Ta kawo tarihin ƙaninta tun yana ɗaukar jaka, ta kawo injin da ya faɗo masa, ta ce mun zo roƙo ne a duba girmansa a rage masa lamba.

Dattijon ya yi murmushi. "A rage? Hajiya, tun da nake wannan aiki, kowa ƙari yake nema. Mu ba mu wulaƙanta kowa. Abin da ya buga, shi muka duba. In hannu ya gyaru, lamba zai sauka da kansa."

Nan ne na ga roƙonmu zai faɗi. Ni da ba na iya ɗaga ido a gaban maza, sai na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Baba, wallahi hannunsa ya gyaru. Tsoron jama'a ne kawai. Da ya je Obuasi, tara kaɗai ya ɗora."

Murmushin ya tsaya. "Obuasi? Yaushe?"

"Ana saura mako ya fara buga muku."

"Tara kika ce?"

"Tara, Baba."

"Shi ya faɗa?"

"Da bakinsa. Har ma ya ce kada in gaya wa kowa."

Na faɗi wannan ne da alfahari, Allah ya sani, don in nuna musu irin kawaicin mijina. Ɗaya daga cikin mutanen ya ciro hankici ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ɗayan ya juya yana kallon bishiyoyi. Yaya, da yake 'yar kasuwa ce, ta riga ni ganewa. Sai na ji ta taka mini ƙafa, ta ce a kunnena, "Amarya, rufe bakinki. Kin kashe mu."

A nan lissafin ya faɗo mini gaba ɗaya. Mutumin da tara ko goma ta ishe shi, an yafe masa ashirin da biyu. Ranar kofi zai buga iya ƙwarewarsa, a cire masa abin da ba haƙƙinsa ba, ya wuce kowa. Ni da nake mayar wa mai shinkafa mudu in na ga gindinsa a lotse, ashe a ɗakina ake lotsa wani ina shafa masa man kaɗe. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na kasa gane wace kunya ce ta fi ƙona ni, ta abin da ya yi ko ta yadda na tona shi.

Ban gama haɗiye wannan ba na ji muryar da na fi sani a duniya tana dariya a bayana. Ashe ba ya shago. Ya zo gwajin ƙarshe kafin Asabar, shi da amininsa na Tafo. Ya hawo barandar ya gan ni da mayafin biki, ya ga Yaya, ya ga farin goro a kan tebur. Ɗan Zango ne, ba sai an gaya masa me goro yake yi a nan ba.

Dattijon ya ce, "Alhaji, zauna. Mutanenka sun kawo roƙo." Sannan ya ce a hankali, yana kallon goron ba fuskar Alhaji ba, "An ce ka buga a Obuasi. Ka manta ka kawo mana ne, ko? Tsufa ne, duk muna mantuwa."

Ko ni na gane ƙofa ce ya buɗe masa. Da ya ce e, da an rufe maganar. A raina ina cewa, ka ce e, Alhaji, ka ce e, Allah ya yafe mini wannan ma. Alhaji bai zauna ba. Ya dube ni, kallon da ba faɗa a cikinsa, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya cire hularsa ta wasa ya riƙe a hannu.

"Ban manta ba, Opanyin. Ɓoyewa na yi. Ukun da na kawo muku ma, ni na ɓata su da gangan."

Aminin nasa ya sunkuyar da kai. Sai dattijon ya miƙa hannu ya ɗauki goro ɗaya, ya ɓare shi, ya ci rabi, ya miƙa wa Alhaji rabi. Ya ce, "Na ci goro, roƙo ya karɓu. Sun ce a rage lamba, za a rage. Kofin bana ba ka ciki. Za ka sake buga uku, ni zan raka ka da ƙafata." Sannan ya juyo gare ni. "Hajiya, je ki gida. Ba ki yi ƙarya ba."

A motarsa muka koma. Muka yi ta tafiya har muka wuce mahaɗar Sofolayin. A nan Yaya ta kasa daurewa ta ce, "Ni da na rufe rumfata da rana tsaka! Goron nan ko surukaina ban ba irinsa ba. Kai kuma, da furfurarka, kofin ƙarfe ne za a binne ka da shi?" Ya ce, "Yaya, ya isa." Ta ce, "Bai isa ba," amma ta yi shiru.

A gida na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Me kika yi? Abin da na gaya miki kika faɗa." Ya zauna bakin gado yana juya hular. "Waɗanda na koya wa bugu yanzu Baba suke ce mini, suna matsa mini hanya kamar mara lafiya. Na ce sau ɗaya dai in ɗaga abin nan kafin ƙafa ta ƙi." Na so in ce masa da ya gaya mini, sai na tuna ni ma ban gaya masa zan je ba.

Labari kuwa bai kwana ba. A Magazin aka sa masa suna mai lambar Hajiya. Ni kuma in na shiga gidan suna sai ka ji wata ta ce, "A ɓoye sirri, ga mai kai goro ta iso." Na daina zuwa taro na wani lokaci, cefane ma sai in bari rana ta yi zafi, layi ya yi shiru. Amma duk wannan bai dame ni ba kamar jakar sandunan. Ta koma bayan ƙofa, ba ya ko kallonta. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Kullum ina jiran ranar da zan tarar ta koma saman kabad, in san cewa da bakina na raba shi da abu ɗaya da ya dawo masa da walwala. Ba sallar da na yi ban roƙi Allah a kan wannan ba.

Wata safiya ina dama koko sai na ji kwal. Na tsaya da ludayi a hannu. Kwal. Maƙwabciyata ta ɗaga murya, "A rufe tukwane!" Ban leƙa ba, don kada ya ga idona.

Ya koma ya buga ukunsa, dattijon na biye da shi rami bayan rami kamar yadda ya yi alkawari. Aka yanka masa goma sha ɗaya. Ranar da ya gama na ƙarshe ya shigo da ƙunshin tsire kamar wancan karon, ya ajiye a gabana ya ce, "Goma sha biyu na ɗora yau. Bai kai na Obuasi kyau ba." Sai ya ɗaga murya yadda duk gidan zai ji. "Wannan kam, Hajiya, ki gaya wa duk Zango."

Har yau bai ci kofin ba, kuma ƙafa ta fara ƙi. Ni dai abin da na koya, ba kowane "kada ki faɗa" ne tsoron bakin mutane ba, kuma tausayi in bai tsaya ya yi tambaya ba yana iya yin ɓarnar da maƙiyi bai iya ba. Tun daga ranar ban sake ɗaura goro don in roƙa wa wani ba sai na zaunar da shi na tambaye shi gaskiyar abin da ya faru. Kunyar ba ta bar ni ba, amma duk Asabar in na ga Alhaji ya saɓi jakarsa ya fita da lambar da ya san tasa ce, sai in ce alhamdu lillahi, in ɗauke bahona daga hanya.